Magajin da Bai Karanta Takarda Ba

Tun ƴan shekarun nan akwai kalma guda da ta kama bakin masu wa'azi a majami'unmu, daga Maraɗi zuwa Ƙonni har Yamai, wato gado. A kwanan addu'a za ka ji ta, a saƙon murya da ake turowa ta WhatsApp daga Kaduna ko Legas za ka ji ta, har a bakin matasanmu da jiya-jiya suka bar benci. Ana cewa Allah ya ajiye wa kowane mai bi gadonsa, mota ce, fili ne, biza ce, miji ne, aikin gwamnati ne, abin da ya rage kawai mutum ya tashi ya karɓa da bangaskiya. Yadda ake karɓar kuwa kowa ya sani. A nemo aya guda, a maimaita ta da ƙarfi, a ɗora hannu a kanta, sannan a shuka abin da suke kira iri a cikin ambulan, jika biyar ko goma, gwargwadon girman abin da ake nema.

Ni Kirista ne, malamin lakwal, kuma na gaskata da zuciya ɗaya cewa akwai gadon da Allah ya alkawarta, na gaskata ta wurin bangaskiya ake shiga cikinsa. Rigimata da wannan sabon wa'azi ita ce ya raba magaji da takardar gadonsa. Ana sa mutane su nemi abin da ba a rubuta ba, su tsallake abin da aka rubuta ba su ko gan shi ba.

Mu fara da abin da kowane Bahaushe ya sani, Musulmi ne shi ko Kirista. In aka yi rasuwa aka share makoki, sai a sa ranar rabon gado. A kira malamin da ya san lissafin, a kira shaidu, a biya bashin mamaci tukuna, sannan a auna gona, a ƙirga dabbobi, a fitar wa kowa da rabonsa. Maƙwabtanmu Musulmi suna da ilimi sukutum a kan wannan, wanda ake zama a koya shekara da shekaru. A duk zaman rabon da na taɓa gani, ban ga wanda rabonsa ya ƙaru don ya fi kowa ɗaga murya ba. Ban kuma ga wanda aka ce ya kawo jika goma kafin a ba shi kason ubansa ba. Abin da ka biya kuɗi ka samu sunansa sayayya. Gado kuwa, tambayarsa guda ce: ɗan wane ne kai?

Wannan ita ce hujjar Bulus a wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa, sura ta 3 da ta 4, kuma duk wanda ya zauna ya karanta surorin nan biyu a jere zai ga ambulan ɗin nan ba shi da wurin zama. Bulus ya ce an yi wa Ibrahim alkawari, Shari'a ta zo shekara 430 daga baya, ba ta kuma isa ta soke alkawarin ba. In da kiyaye Shari'a ake samun gadon, da ya tashi daga zama alkawari. To, in Shari'ar Musa da dukan darajarta ba ta sayi gadon ba, ina jika biyar za ta saye shi? Ya ƙara da wani misali da mu ma mun san shi a gidajenmu: magaji in yana ƙarami, dukiyar tasa ce, amma yana ƙarƙashin masu riƙo har lokacin da uban ya tsayar. Uba ne ke sa rana. A Romawa sura ta 8 kuma, inda aka ce mu ƴaƴa ne, magada ne tare da Almasihu, ayar ba ta tsaya a nan ba. Cikin jimla ɗayan nan aka haɗa da shan wuya tare da shi. Masu wa'azin karɓa a kan waƙafi suke taka birki, jama'a su ce amin, sauran rabin jimlar ya kwana a cikin littafi.

A makarantar horon malamai an koya mana wani abu game da darasin karatu wanda har yau da shi nake cin abinci. Yaro yana iya furta kowace kalma daidai, muryarsa kamar ta mai karanta labaru a rediyo, amma bai karanta ba. Yadda za ka gane shi ne ka rufe littafin ka tambaye shi wa ke magana, da wa yake magana, me ya faru kafin nan. A ajin CM2 nakan samu yaron da zai ɗauko jimla guda daga tsakiyar labari ya ba ni a matsayin amsa, don kawai akwai kalmar da ke cikin tambayata a ciki. Irin wannan yaro ba na ba shi maki. Abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne, ran Lahadi sai in ga manya masu furfura suna yi wa Maganar Allah abin da na hana yaro ɗan shekara goma sha biyu ya yi wa labarin gizo da ƙoƙi.

Ga misalin da ya fi kowanne yawo, Irmiya sura ta 29 aya ta 11, wadda ke maganar shirin alheri da Allah yake da shi domin mutanensa. Ana liƙa ta a bayan babur, ana sa ta a hoton waya, ana karanta wa mai shiga jarrabawar bak, ana cewa kafin ƙarshen wata za ka ga canji. To, mu yi wa ayar tambayoyin ɗan CM2. Wasiƙa ce Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila. A cikinta ya gaya musu su gina gidaje, su yi shuka su ci, su yi aure su aurar da ƴaƴansu, su nemi zaman lafiyar garin da ya ci su da yaƙi, su yi masa addu'a. Ayar da ke gaba da wadda muke so ɗin, ta 10, ta faɗi wa'adin: shekara 70. Ke nan yawancin waɗanda suka fara jin wasiƙar a Babila aka binne su, jikokinsu ne suka ga komawa gida. Abin da ya fi ɗaure kai yana sura ta 28, shafi guda baya. A can akwai wani annabi mai suna Hananiya wanda ya tsaya a Haikali gaban jama'a ya ce cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila, a dawo da kayan Haikali da mutanen duka. Wa'azi ne mai daɗi, ba shakka ranar an yi ta cewa amin, har Irmiya kansa ya ce Allah ya sa. Amma ba Allah ne ya aiko Hananiya ba, kuma a shekarar nan ya mutu. Wanda ya ɗauki aya ta 11 ya yi maka alkawarin wata guda, kalmomin na Irmiya ne, saƙon kuwa na Hananiya.

Haka ake yi wa Filibiyawa 4:13, mai maganar iya komai ta wurin mai ƙarfafa mu. Daga kurkuku Bulus ya rubuta ta, kuma ayar da ta gabace ta tana maganar yadda ya koyi zama cikin ƙoshi da cikin yunwa.

Ibrahim, wanda a kansa aka kafa maganar gadon tun farko, yana da shekara 75 ya bar Haran a kan alkawarin ƙasa da zuriya. Sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Ƙasar fa? Har ya mutu, abin da ya mallaka a Kan'ana shi ne filin da kogon Makfela yake, wanda ya saya da shekel 400 na azurfa don ya binne Saratu, wato maƙabarta. Littafin Ibraniyawa sura ta 11 ya jera shi da sauran magabata ya ce sun mutu cikin bangaskiya ba su riƙe abin da aka alkawarta a hannu ba, daga nesa suka hango shi. Da a ce Ibrahim zai shigo wasu tarurrukanmu na yau, da an kira shi gaba a yi masa addu'ar karya jinkiri.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa mai bi ya naɗe hannu ya zauna. (A rubutun boko gadon da ake ci da gadon da ake kwanciya harufansu ɗaya ne, sai a baki ake bambanta su, kuma akwai masu bi da suka rikita biyun.) Littafi Mai Tsarki yana da mutanen da suka tashi suka nemi gadonsu da bakinsu, aka kuma yaba musu. Kalibu yana ɗaya. Yana da shekara 40 Musa ya aike shi leƙen asirin ƙasar, aka yi masa alkawari, ya jira shekara 45. A Joshuwa sura ta 14 ya zo yana da shekara 85 ya tuna wa Joshuwa maganar. Ya faɗi wanda ya yi alkawarin da wurin da aka yi shi, Kadesh-barneya, da abin da aka ce, kamar mai shaida gaban alƙali. Abin da ya roƙa kuwa ƙasar tuddai ce ta Hebron, inda Anakawa suke zaune cikin garuruwa masu ganuwa. Tsoho ya nemi a ba shi wurin da ya fi ko'ina wuyar ci. Ban taɓa jin an kira mutane gaba a kwanan addu'a don su karɓi irin wannan rabo ba.

Waɗanda suka fi burge ni su ne ƴaƴan Zelofehad, mata biyar, a Littafin Ƙidaya sura ta 27. Ubansu ya mutu a jeji bai bar ɗa namiji ba, kuma bisa tsarin da ake kai ba su da kaso a ƙasar. Suka zo ƙofar alfarwa, gaban Musa da firist da shugabanni da dukan taro, suka kawo hujja: ubanmu ba ya cikin ƴan tawayen Kora, don me sunansa zai ɓace daga danginsa saboda ba shi da ɗa? Musa bai san amsa ba, ya kai maganar gaban Allah, Allah ya ce matan nan suna da gaskiya, aka kuma kafa doka a kan haka domin na baya. Ku lura, a lokacin ko taki ɗaya na ƙasar ba a ci ba tukuna, suna hayin Urdun. Sun gaskata alkawarin har suna neman kaso a gonar da ba su taɓa gani ba. Wannan ita ce karɓa ta bangaskiya, kuma ta tsaya a kan sanin abin da aka faɗa da sanin inda tsarin ya bar giɓi.

A nan maganar ta dawo gida, don a yankin Maraɗi gona ta yi ƙaranci. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai yau an yanka shi gida goma, kuma in wuri ya ƙure mata ake fara turewa. Gamanar da mace ke nomawa ita ce ta farko da ake janyewa. A cikin Kiristoci ma haka ne, kada mu ɓoye. Na san gidajen masu bi da aka raba gonar uba tsakanin maza, aka ce wa mata ai ku kuna gidan miji. Na san gwauruwar da ƴan'uwan mijinta suka kwashe har turmi, alhali dukansu masu zuwa sujada ne, wani ma yana cikin masu karɓar baiko. Mutumin da ya danne kason ƙanwarsa, ya zo daren Juma'a yana buga ƙafa yana cewa ya karɓi gadonsa na ɗan Allah, wa yake ruɗi? Lokacin da wani ya tari Yesu cikin taro ya ce ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, a Luka sura ta 12, Yesu ya ƙi zama alƙalinsu, ya juya ga jama'a ya gargaɗe su a kan kwaɗayi, ya kawo labarin mai arzikin da ya yi niyyar rushe rumbunansa don ya gina manya, a daren nan aka karɓi ransa. Manomi ne zai fi kowa gane wannan labari, amma ba shi ake karanta wa manoma ba.

Na san abin da za a ce mini, an ma sha faɗa mini. Malam, kai kana da albashi. Matar da ba ta san abin da za ta dafa gobe ba, malamin kwantiragin da ke jiran kuɗinsa wata ya wuce, saurayin da ya yi kwankur sau uku bai samu ba, me za ka ba su? Shekara 70 ta Babila? Maganar tana da nauyi, ba na raina ta. Mutane ba don wauta suke cika waɗannan tarurruka ba, a can ne aka kira damuwarsu da sunanta, aka ce musu Allah ya san kuɗin haya. Tsofaffin ikilisiyoyinmu kuwa sau da yawa mun mai da binciken Littafi Mai Tsarki na ran Laraba wani abu mai sa gyangyaɗi, dattijo guda ya yi ta magana, mutum bakwai suna kallon agogo. Roƙon abincin yini yana cikin addu'ar da Yesu da kansa ya koyar, ba laifi ba ne a roƙi aiki ko lafiya ko miji. Amma roƙo daban, cewa an riga an rubuta maka daban. In ka gaya wa matar nan cewa buhun hatsi gadonta ne da aka sa hannu a kai, ta sayar da akuyarta ta shuka iri, wata ya ƙare ba buhu, bayani guda ne ya rage: bangaskiyarta ce ba ta kai ba. Ta shigo da talauci, ta fita da talauci da laifi a ka, ba akuya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ga waɗanda daga nan suka daina zuwa majami'a gaba ɗaya, don a ganinsu Allah ya karya alkawari, alhali alkawarin ba nasa ba ne.

Akwai kuma wani abin da ya sa wannan wa'azi ya fi ba ni kunya a ƙasarmu musamman. A nan, mutane da dama sun shiga bin Almasihu ne suna sane da cewa ranar rabon gonar ubansu ba za a kira su ba, don bambancin addini yana hana gado a shari'ar da yawancin gidaje ke bi. Sun san farashin, suka biya. Irin waɗannan tsofaffi suna nan a ƙauyukan Maraɗi da Tawa, wasu sun zo ta asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, wasu ta wurin jinyar kutare a Danja, wasu ta makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tsibiri. Ka je gaban irin wannan mutum ka ce masa gadon mai bi mota ne. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, kuma ba za mu manta ba cewa a ranakun nan akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a ɗakunansu. Waɗanda suka yi sujada a cikin toka ran Lahadin da ta biyo sun fahimci wasiƙar Bitrus ta fari, inda ya kwatanta gadon da abin da ba ya lalacewa, ba ya ƙazantuwa, ba ya yanƙwanewa, a ajiye a sama. Ya rubuta wa mutanen da ke warwatse suna shan gwaji iri-iri. Abin da Sabon Alkawari ke kira gado shi ne zama ɗan Allah, gafara, tashin matattu, Mulkin da ke zuwa, da Ruhu Mai Tsarki wanda Afisawa sura ta 1 ta kwatanta da kafin alƙalami. Dan kasuwa ya san ma'anar kafin alƙalami: an ba ka wani abu a hannu yanzu, cikon yana tafe, kuma mai bayarwa ba ya janyewa. Tun a Tsohon Alkawari ma akwai kabila guda, Lawiyawa, da ba a ba su yankin ƙasa ba, aka ce Ubangiji da kansa ne rabonsu.

Magani a ganina na malamin lakwal ne, ba wani abin mamaki ba: a koma ga karatu. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aka sake fassara shi a 1979, kuma kakanninmu a bangaskiya da shi suka koyi baƙi da wasali, da yawansu ba su taɓa shiga aji ba. Yau abin ya juye. Muna da matasa masu digiri da za su karanta maka shafi na Faransanci ba tuntuɓe, amma ka miƙa musu na Hausa su tashi a majami'a su karanta, sai gumi. Harafin c ya zama k a bakinsu, ƙ da ɗ da ɓ su tsaya musu a wuya. Iyayensu mata kuma, waɗanda su ne mafi yawa a kan benci, suna jin Hausa sarai amma ba su iya karanta ta ba. Tsakanin wanda ya iya karatu da yaren da uwarsa ba ta ji da wadda ke jin yaren amma ba ta iya karatu ba, sai mai makirufo ya shige ya zama shi kaɗai ke faɗin abin da takarda ta ce. Tunda a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ikilisiya ba ta da uzurin barin ajin yaƙi da jahilci ya mutu, ita da ta riga kowa fara shi a wasu ƙauyukan.

Ba sai an jira wani taro a Yamai ya ba da izini ba. Zumuntar mata tana haɗuwa kowane mako, matasa ma haka. A karanta sura guda cikakkiya da murya, da Hausa, daga farkonta har ƙarshenta, in ta kama a haɗa da wadda ta gabace ta. Wanda bai iya karatu ba, akwai na sauti a waya, a kunna masa. In an gama a rufe littafin a yi tambayoyin nan na aji, a bar matar da ke can baya ta amsa kafin fasto ya ce komai. In baƙon mai wa'azi ya zo ya jefo aya, wani ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, malam, a karanta mana ta gaba da ita. Mutanen Biriya haka suka yi wa Bulus kansa, kullum suna duba Littattafai su ga ko abin da ya faɗa haka yake, marubucin Ayyukan Manzanni kuma yabonsu ya yi.

In da ni za a tambaya da wace sura za a fara a ikilisiyarmu, zan ce Littafin Ƙidaya 27, kafin damina ta faɗi a fara share gonaki. A sa ranar da maza za su zo da yawa, a kuma miƙa littafin ga wani daga cikin dattawan da ke noma kason ƴan'uwansu mata, shi ya tashi ya karanta mana sunayen matan nan biyar.